Na Ɓoye Mutuwar Mijina Don Fanshonsa Ya Ci Gaba Da Shigowa

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, ina sayar da doya da manja a bakin titin Gonin Gora, gidanmu kuma yana Romi. Mijina tsohon sajan ne, ya yi wa soja aiki tun yana saurayi har furfura ta fito masa. Ba shi da mota, ba shi da gona mai yawa, abin da yake taƙama da shi kawai shi ne fayil ɗinsa ba tabo. Ya sha gaya mini cewa ranar da ya mutu in fara sanar da ƙungiyarsu ta tsofaffin sojoji kafin kowa, su za su rufe akwatin gawarsa da tuta, su kuma za su nuna mini hanyar karɓar haƙƙina na matar marigayi. Takardunsa duk suna cikin wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Nakan ce masa ya daina yi wa kansa mugun baki.

Ya je ƙauyenmu girbin citta, ciwon kwana biyu ya ɗauke shi. Kafin hawayena su bushe sai ga ƙanensa, wanda ke zaune a Narayi. Mutumin nan ban taɓa sanin sana'arsa ba, kullum dai da jakar takardu a hammata, yana yi wa mutane cuku-cuku. Ya ja ni bayan ɗaki yana ce mini matarmu, kalmar da bai taɓa kirana da ita ba lokacin da yayansa ke da rai. Ya ce in na kuskura na sanar, a watan nan za a tsayar da fansho, sannan in shekara biyar ina yawon ofis da takalmi a tsinke. Ya ce in yi shiru kawai, kuɗi zai ci gaba da shigowa, shi zai riƙe katin banki da wayar marigayi, yana kawo mini rabona. Na ji tsoron yunwa, ga 'yata ta ƙarshe tana makarantar koyon jinya. Na yarda. Muka binne sajan guda kamar wanda bai taɓa sa kaki ba, babu tuta, babu busa, babu ko sanarwa a rediyo.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne abokin mijina, wani dattijo daga Makera da muke kira Baba Kofur. Tare suka yi aiki, kuma shi ke riƙe da littafin sunayen 'yan ƙungiya a yankinmu. Ƙafarsa ɗaya ba ta da lafiya, don haka ba ya shiga Romi, sai dai ya sauka a rumfata in zai wuce. Duk zuwan da ya yi sai ya tambayi mutuminsa, ya ce ya kira waya ba a ɗauka. Ni kuma in dube shi ido cikin ido in ce yana ƙauye yana shan maganin gargajiya, can babu sabis, jiki da sauƙi. Sau biyu yana ba ni zuma a kwalba in aika masa. Na shanye zumar nan a koko, Allah ya yafe mini.

Rabon da aka yi mini alkawari kuwa wata uku ya yi yana zuwa da kyau, daga nan ya fara ramewa. In na yi magana sai ƙanen nan ya ɗaga mini murya, ya ce in kai shi ƙara mana, mu ga wanda za a fara kamawa. A nan na gane ba taimako ya yi mini ba, igiya ya ɗaura mini a wuya ya riƙe bakinta. Na tsane shi, na tsani takun takalminsa a ƙofar gidana, amma ba ni da bakin faɗa wa kowa, har fastonmu.

Bayan shekara ɗaya da wani abu aka yi shelar tantance 'yan fansho, kowa ya zo da kansa. Na ce masa shi ke nan, mu je mu faɗi gaskiya. Ya yi mini dariya. Ya ce ai kamarsu ɗaya da yayansa, shi zai je a madadinsa, ni kuma in raka shi a matsayin matarsa don kada a yi zargi. Ya buɗe akwatin ƙarfen nan da hannunsa, ya ɗauki takardar sallama da katin shaida, har da hular mijina ya kafa a kansa. Ina kallo ban hana ba. Na bi shi a baya kamar akuya.

Layi ya zo kansa, aka ce ya ɗora yatsa a kan na'ura. Ta ƙi. Ya goge yatsan a wando ya sake, ta ƙi. Yana cikin bayanin wai noma ne ya cinye masa zanen hannu, sai na ji an kira sunan mijina daga kan benci. Baba Kofur ne, ya taso da sandarsa yana murna zai rungumi abokinsa. Ya zo dab da shi ya tsaya. Ya dubi fuskar, ya dubi hular, sannan ya juyo ya dube ni. Ya tambaye ni yaushe mutuminsa ya rasu, na faɗa masa. Bai yi ihu ba, cewa kawai ya yi, "Shekara talatin ina tare da mutumin nan, ko harsashi ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ke kika mai da shi ɓarawo bayan ya mutu." Sai ya miƙa hannu ya cire hular daga kan ƙanen, ya sa a aljihunsa.

Da aka shigar da mu ofis, namijin duniyan nan ya rantse cewa ni na kitsa komai, shi rakiya kawai ya yi. Wata jami'a ta karanta mini abin da aka tanadar wa matar marigayi da 'ya'yansa, da na kawo takardar shaidar mutuwa tun farko. Ashe ana jira, gaskiya ne, amma ana samu, kuma ƙungiya na bin sawu. Yanzu an dakatar da komai har sai an dawo da abin da aka ci, an kuma ja jan biro a kan fayil ɗin da mijina ya yi rayuwarsa yana tsarewa. Dangin miji sun taru sun yi belin ɗansu, ni kuwa 'yata ce ta bar karatu ta zo ta tsaya mini.

Ban yafe wa mutumin nan ba, kuma kada wanda ya rubuto yana yi mini wa'azi a kai. Amma bai sa mini bindiga ba, da ƙafata na bi shi. 'Yan'uwana matan tsofaffin sojoji, ranar da abin ya same ku, ku sanar da ƙungiya kafin dangi su gama sauka daga mota, ku karɓi takardar shaidar mutuwa, akwatin takardu kuma ku zauna a kai. Duk wanda ya ce ku yi shiru don amfaninku, amfanin kansa yake nema. Baba Kofur har yau yana wucewa ta Gonin Gora, sai dai yanzu a ɗaya ɓangaren titin yake sauka. Hular tana wurinsa, ni kuma ba ni da fuskar da zan roƙa.