Hular Motar Ilu da Tumatirina

Madarumfa

Ana sallame sallar asuba muka ɗora kwandunan tumatirina a a-kori-kurar Ilu, ƙanen maiɗakina. Noman ranina ke nan kaf, wanda na sha wuyar ban ruwansa a bakin tafki. Dillalan Katsina kuwa da hantsi suke cika babbar motarsu a Ɗan Issa su ƙetare iyaka, ba su jiran kowa.

Da gari ya fara haske na ɗaga kai, sai ga kwanon rufi an karkace shi bisa kan motar, ya sha walda.

Na ce, "Ilu, wannan fa? Rumfa ka buɗe?"

Ya ce, "Haba Yaya, hula ce! Ba ka ganin ta a kan tireloli? Iska ke danne mota tana shan mai. Wannan tsaga ta take, ta bi ta sama."

Mai sayar da esans, wato fetur, a kwalabe ya ɗago kwalba ta uku zai juye, Ilu ya riƙe masa hannu. Wai biyu sun isa, sauran aikin hula ne. Na so in hana, amma na ƙyale shi, kada a ce ina baƙin ciki da ci gaba.

Kan hanya

Ranar kasuwa ce, kuma Ilu bai iya wuce mai ɗaga hannu ba. Buhunan wake suka hau, tumaki suka hau, mutane suka hau bisa buhunan, har kayan suka fi hular tsawo nesa ba kusa ba. Wata tsohuwa ta zo da katifa, aka rasa inda za a sa. Wani ya ce ai ga wurin ɗauri mai kyau. Aka jingina katifar tsaye a gaban hula, aka tamke da igiya.

Ga ramuka, ga shanu na ƙetarawa. Gudun da muke yi, wallahi iskar ma ba ta san mun fito ba. Mai amalanken jaki ya jera da mu har muka gaisa, na tambaye shi iyali.

Shinge

Da muka hau kwalta muka iso shinge, jandarma ya duba takardu ya ce mu tafi. Sai tsautsayi ya sa ya nuna sama ya ce, "Direba, mene ne wancan?"

Inna lillahi! Ilu ya kashe mota ya sauko. Ya zana iska a ƙasa da tsinke, ya zana tirela, ya zana tasa. Ni kuwa ina kallon rana tana hawa, raina kamar ya fita.

Daji

Ba mu yi wata tafiya ba motar ta yi tari, ta sake yi, ta yi tsit. Ilu ya leƙa tanki, ya ɗaga kai ya dubi hula kamar wanda amininsa ya ci amanarsa.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, iskar ce ta ƙare ko man?"

Sai da muka samu mai babur ya je ya sayo mana. Kafin ya dawo, ruwan tumatir ya fara ɗiga ta gindin kwanduna. Na zagi Ilu zagin da ban taɓa yi wa suruki ba.

Ɗan Issa

Bayan azahar muka shiga. Inda motar dillalai take tsayawa sai sawun taya. Masu tuwo suka taya kwanduna uku tayin wulaƙanci, na sallama ina haɗiye hawaye. Na ci shinkafa da wake a tsaye, ban ji ɗanɗanonta ba.

Gida

Da la'asar sakaliya muka iso da sauran. Maiɗakina ta buɗe kwando ɗaya, ta aika a aro wuƙaƙe a maƙwabta, a yanka abin da ya tsira a shanya kauɗa. Na gode Allah da Ya maido mu lafiya, na gode wa mai babur da ban san sunansa ba.

Ilu ya tsuguna kusa da ni, ya sassauta murya.

"Yaya, tsakani da Allah, ka ga inda kwalba biyu ta kai mu da wannan lodin? Da ba hular nan, ai ko shinge ba mu kaiwa."