Layukan Gamba da Na Fesa

Har gobe ban manta da wata Litinin da na ɗauki famfon feshi na shiga rumfar Madam Rifkatu ba. Lokacin ni ne shugaban ma'aikata a wani gandun rainon shuka da ke bayan GRA, ita kuma sabuwar jami'ar bincike ce. A shekaru na kusa haifarta, a muƙami tana gaba da ni nesa.

Aikinta a kan ciyawar gamba ne, wadda ake so a mayar a filayen kiwo da suka mutu. Irin gamba yana da nauyin barci, sai ka shuka da yawa kaɗan ya fito. Don haka take jiƙa shi a ruwa mai wani sinadari, irin wanda shuka ke yi a jikinta don ta tashi iri. Sannan ta cika ledojin shuka da ƙasar da ta haƙo a gindin tsohuwar gamba a daji. Ni dai na ɗauka son wahala ne, ga ƙasa a gandu har ta yi yawa.

Dokarmu ita ce duk Litinin a fesa wa ƙananan shuka maganin funfuna, don kada su ruɓe daga tushe. Madam ta tafi jana'iza Bogoro, ba ta bar saƙo ba, ni ma ban tambaya ba. A rumfarta na fesa layin gamba huɗu, magani ya ƙare, huɗu suka tsira.

Bayan 'yan makonni layukan da na fesa suka tsaya cak, siraran ganye, rawaya-rawaya. Sauran kuwa suka yi kore shar. Madam ta auna, ta sake aunawa, ta rasa dalili. Rahoton wannan binciken shi za a duba a tabbatar da ita a aiki. Ina ganinta ta daina cin abincin rana, raina ya ɓaci ƙwarai, ga kuma tsoron takardar tuhuma, wadda ban taɓa karɓa ba tunda na fara aiki. Kwana uku ina gaishe ta ina wucewa.

Rana ta huɗu na cire hula na ce, "Madam, ni ne. Na yi musu feshi da ba kya nan."

Ta ajiye abin awonta. Sai ta ce, "Baba Sabo, waɗanne layuka?"

Na nuna mata. Ta tuge guda nan, guda can, ta wanke saiwoyin, ta shafa musu wani shuɗi, ta sa ni leƙa madubin ƙara girma. A saiwar mai lafiya na ga zare-zare kamar na gizo-gizo. A ta wadda na fesa babu komai.

Ta ce, "Funfuna ce wannan, Baba. Ita ke jawo wa saiwa ruwa da abinci, ciyawar kuma ta ciyar da ita. Don ita na je daji. Da ka yi shiru, da na rubuta cewa irin ne ba shi da kyau."

Feshin nawa ya zama shaidar da take nema cewa gamba na buƙatar funfunar, ta sa shi a rahoto yadda ya faru, aka tabbatar da ita. Takardar tuhuma kuwa na karɓa, na amsa da hannuna.

Ku da kuke shigowa yanzu, kuskure a aikin nan ana iya auna shi idan an faɗa. Ni shekara da shekaru ina kashe funfuna ana yaba mini, ban taɓa tambayar wadda nake kashewa ba.