Ranar da Inna Fara ta fita takaba

Lokacin kaka ne, shekarar da aka ba mu mulkin kai. Gyaɗa ta yi, rumbuna sun cika, gari ana ta kiɗa. Mu kuwa a ƙauyenmu kusa da Cadawa gidanmu shiru, don wan babana ya rasu tun farkon damina.

Tsohon soja ne. Daga yaƙin Turawa ya dawo da mata Baturiya, siririya, marar yawan magana. Mu yara Inna Fara muke ce mata. Allah bai ba ta haihuwa ba. Hausarta da nauyi, amma ta iya daka, kuma ita ke yanke mini farce tana wata waƙa da ba wanda ya san ma'anarta. Har yau in na ji ƙamshin kabeji a wuta, ita nake tunawa, don ita kaɗai ke shuka shi bayan rijiya.

Ta yi takabarta kamar kowace mace. To, al'adarmu, in mace ta fita takaba sai a mai da ita gidan iyayenta, kada a ce an riƙe 'yar mutane. Babana ya sai da bijimi, ya je wajen wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa da ke shirin komawa ƙasarsu, ya roƙe shi ya tafi da ita. Wallahi alheri suke nufi.

Da la'asar aka gaya mata a tsakar gida, ina tsintar wake kusa da kakata, mahaifiyar su babana.

"Yaya, gobe kamyo zai zo, babbar motar Bafaranshen nan," in ji babana. "Za a kai ki gida, Faransa."

Ta ce, "Faransa ba garinmu ba ne. Garinmu Polan."

"Ai duk Turai ce. In kin isa can, sai ki tambayi hanya."

"Wa zan tambaya? Gidan babana ya ƙone da mutanensa a ciki. Ni kaɗai na fita, aka kai ni aikin gona wata ƙasa. Can yayanka ya same ni."

Shekara da shekaru muna ci a ƙwarya ɗaya, ba wanda ya taɓa jin wannan. Kakata ta ce a hankali, "'Yar nan, to hannun wa za mu sa ki? Mace ba ta zama ba iyaye."

Inna Fara ta tashi. Ta shiga ɗaki, muka ji tana ɗaure kaya.

Yanzu da na koyi rubutu a ajin manya, 'ya'yana kan ce in rubuta sunan babanta. Ban sani ba. Ba mu tambaya ba, ga shi ba sauran wanda za a tambaya.

Da safe kamyon ya tsaya a ƙofar gida, direba na danna oda. Ta fito da ƙunshinta a ka, tabarma a hamata. Babana ya miƙa hannu zai karɓa, ta wuce shi. Ta ratsa tsakar gida har ƙofar ɗakin kakata, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa.

"Inna, an ce in tafi gidan iyayena. Na zo."

Kakata ta dube ta, ta dubi babana. Sannan ta matsa, ta ba ta wuri a kan tabarma.