Ruwan da Binta Ta So Ta Tace

Bana shekara shida ke nan da aka harbe ƙanwata Binta a hanyar Sabuwa. Malamar kimiyyar sinadarai ce a jami'a. Ta je wani ƙauye ɗebo ruwan rijiya don gwaji, 'yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta a dawowa. A Mairuwa muka binne ta, kusa da Inna.

Ban fahimci aikinta ba sai ranar da ta nuna mana a tsakar gida. Ta zo da kwalabe biyu, ɗaya gishirin ƙarfe narkakke a ruwa, ɗaya wani sinadari mai tsami dangin na tsirrai. Ta haɗa su a kofi. Jim kaɗan abin ya daskare, ja-ja, kamar kokon da ya kwana. Ta kife kofin, ko ɗigo bai zuba ba.

Baba ya ce, "Ke 'yar nan, mi ke nan?"

Ta ce, "Raga ce, Baba, sai dai ido ba ya ganinta. Ƙarfen ne ƙulli, tsamin ne zare. In ruwa ya ratsa ta, dalma sai ta maƙale."

Dalmar ce ta tsaya mata a rai. Masu haƙar zinare suna niƙa dutse a cikin gidaje, ƙurar mai ɗauke da gubar dalma ta gangara rijiya, yara su yi ta sanƙarewa ana cewa iska ce. Ta taɓa faɗa mini cewa wasu masana suna gwada irin wannan haɗi wajen isar da magani cikin jiki, wasu wajen tace ruwan rini. Ita rijiya kawai ta sa a gaba.

Da za ta leƙo yau, ban san da bakin da zan yi mata bayani ba. Ƙauyen da ta je ɗebo ruwan nan ya watse. Mutanensa suna raɓe a Ƙanƙara da Faskari, suna shan duk ruwan da suka samu. Wanda yake gudun harsashi ba ya tambayar abin da ke cikin randa. Haƙar zinaren kuwa ba a fasa ba.

Ba zan yi wa mamaciya ƙari ba: aikinta bai kai ko rijiya ɗaya ba. Amma bai mutu ba. Kwanan baya wani ɗalibinta, wanda yanzu shi ma malami ne, ya kira ni. Ya ce sun gyara haɗin, yana kama dalma fiye da da, saura a gwada shi a ƙauye. Na tambaye shi me ya tsayar da su. Ya ce, "Yaya, direban da zai bi hanyar muka rasa."

Allah Ya jiƙan Binta, Ya sa ta huta.