Lasisi na Goma Sha Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga cibiyar koyar da zanen gini da ke bayan tasha a Kazaure ya san Ukasha Maikasuwa, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai sukundireba a aljihun gaba, wanda in ka gaishe shi yake amsawa yana duban takalminka. Mutumin Gwiwa ne. Maikasuwan ma na mahaifinsa ne, shi ko allura bai taɓa sayarwa ba.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kawo shi Kazaure aka damƙa wa Malam Halliru, wanda yake koyar da zane a cibiyar da safe, da yamma kuma yana gyaran rediyo a ƙofar gidansa. A hannun Malam ya koyi liƙa waya da dalma. Malam ne ya mayar da shi makaranta, da kwamfuta ta zo ya tura shi Kano ya koyo, ya samo masa aikin kula da injinan cibiyar, ya kuma tsaya masa a neman auren Batulu. Shekara ashirin da bakwai suna tare, Malam bai taɓa kiransa Ukasha ba. Ɗan Gwiwa yake ce masa, ko a gaban wa.

Ukasha ya iya aiki, wannan ba a musu. Aibinsa ɗaya, kunya, kuma tasa ta wuce ta ado ta koma ciwo. In babba ya ari abu a hannunsa, to ya yi sallama da abin, don bakinsa ba zai iya buɗuwa ya ce a dawo masa da shi ba. Batulu ta sha yi masa tsiya, wai da za a ari rufin ɗakinsu sai dai su kwana ruwa na dukansu.

A 2018 cibiyar ta sayi sabuwar manhajar zane. Kwamfutoci talatin ne a ɗakin, amma lasisi goma sha biyu kawai aka iya saye, irin wanda ba a manna wa kwamfuta ɗaya. Akan tara su a kwamfuta guda da ake kira saba, duk wanda ya buɗe manhajar sai sabar ta ba shi ɗaya, in ya rufe ya koma. Da malamai suka kasa ganewa, Ukasha ya ce musu kamar butocin masallaci ne. Buta goma sha biyu tana isar mutum talatin, muddin kowa ya gama alwala zai ajiye.

Sati uku ya yi yana wannan haɗi. Ya kakkaɓe wata tsohuwar kwamfuta ya ƙara mata ƙarfi, ya kai ta wani ɗan sito mai mukulli, ya haɗa mata batir da inbata nata na kanta saboda wuta ba ta da tabbas. Ya bi bango da kebul har ya sada ta da kwamfutocin nan talatin. Ya aika wa masu manhajar lambar shaidar injin, suka turo takardar lasisin da babu wata kwamfuta a duniya da za ta karɓa sai ita. Ranar farko ta ƙi, ashe agogonta ne ya koma baya da shekara tara, sai da ya sauya ɗan batirin ciki. Da allon ya nuna goma sha biyu cif, Ukasha ya daɗe yana kallo, har ya yi dariya shi kaɗai a cikin sito.

Akwai wata ƙofa a tsarin da ake kira aro. In aka buɗe ta, mutum zai iya ɗaukar lasisi ɗaya a laftof ɗinsa ya tafi da shi ko'ina, ba zai koma ba sai wa'adin ya cika, ko kuma a kawo laftof ɗin cibiyar a jona shi da sabar a mayar da hannu. Ukasha ya bar ƙofar nan a kulle, kuma ya yi daidai.

Sai ga Malam Halliru a watan Yuni. A lokacin ya yi ritaya ya koma Roni, gwiwa ta matsa masa, yana dogara sanda. Mutanen unguwarsu za su sake ginin masallaci, sun ɗora masa zanen. Ya ajiye laftof a gaban Ukasha ya ce, "Ɗan Gwiwa, sa mini abin nan naku. Hannuna ya fara rawa, fensir ba ya bina."

Magana ɗaya ce ta kamata: Malam, na cibiya ne, a ƙirge suke. Ukasha bai faɗe ta ba. Ya buɗe ƙofar aron, da injin ya tambayi kwana nawa kuma ya ga bai dace ya yanke wa Malam wa'adi ba, sai ya danna mafi tsawo, kwana casa'in. Bai ma gaya masa cewa aro ne ba.

Ƙarshen Yuli takarda ta zo. Jarrabawar ƙarshe ta aikin hannu ranar Talata ta biyu a Agusta, masu zaunawa mutum goma sha biyu, duk a zama ɗaya. Ukasha ya shiga sito ya duba allo, goma sha ɗaya. Sau biyu ya hau babur ya je Roni da niyyar magana. Ya ci tuwo, aka yi hirar damina da tsadar taki, ya dawo da ƙullin gyaɗa ba tare da ya taɓo maganar ba. Abin da ya riƙe a ransa shi ne, ɗaya daga cikin ɗaliban, Sunday, yana kwance asibiti da zazzaɓin taifod, ana ganin ba zai samu zuwa ba. Allah ya yafe wa Ukasha, sai da ya ji sanyi a ransa da ciwon bawan Allahn nan.

Ranar Talata ƙarfe takwas na safe, Sunday ya shigo a rame, yana bin bango, amma da ƙafarsa.

Madam Rhoda, wadda aka turo daga Kaduna ta kula da jarrabawar, ta ce kowa ya zauna bisa jerin sunaye a gwada injina tukuna. Aka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya suka buɗe. Ta ƙarshe ta tsaya, ta fito da ɗan rubutu cewa babu sauran lasisi. Mai kujerar Tasalla ce, uwar 'ya'ya uku daga Kanya Babba, wadda ta shekara biyu tana shigo motar sassafe tana komawa da la'asar. Akwai aiki da ke jiranta a wani ofishin safiyo a Babura, takardar nan kawai aka ce ta kawo.

"Ina lasisi na goma sha biyun?" in ji Madam Rhoda.

"Yana Roni, ranki ya daɗe," in ji Ukasha.

Ta cire tabarau ta dube shi. Ya yi mata bayani a taƙaice, ya roƙa a bar Tasalla ta zauna bayan wani ya gama.

"Ba zai yiwu ba, Malam Ukasha. In na yage ambulan nan, tambayoyi sun fita ke nan. Ƙarfe goma sha ɗaya zan yage. Wanda injinsa bai buɗe ba, sai baɗi."

Tasalla dai ta gyara mayafinta, ta jera biro da katin shaidarta a gefen tebur, ta haɗa hannuwanta a cinya. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Waya ba za ta yi ba, dole sai laftof ɗin ya zo da kansa. Takwas da rabi ya tashi babur. An kwana ana ruwa, hanyar duk kududdufai, sau biyu yana sauka yana turi, wandonsa ya yi caɓa-caɓa da laka har gwiwa. Duk tsawon hanya yana maimaita abin da zai faɗa, yana gyara shi, yana rage masa kaifi. Tara da minti ashirin ya isa ƙofar gidan Malam, sai ya ga takalma sun cika bakin zaure.

Dattawan unguwa ne gaba ɗaya, har da liman da mai unguwa. Malam yana tsakiya a kan buzu, laftof a buɗe a kan ɗan tebur, zanen masallacin yana juyawa a allo, ana ta gardama a kan inda za a sa ƙofar mata.

"A'a, Ɗan Gwiwa! Yanzu nake zancenka. Shigo."

Ukasha ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya gai da Malam, ya gai da liman, ya bi sauran ɗaya-ɗaya, kowa da tambayar gida da iyali da ruwa. Ba a tsallake dattijo. Kafin ya gama, tara da minti talatin da biyar ta yi. Aka kawo fura. Malam yana nuna shi da sanda yana cewa wannan da kuke gani a hannuna ya tashi, yau duk Kazaure babu kamarsa a inji. Liman ya ce to tunda ga gwani ya zo, a ɗan matsar da tagar gabas a gani. Ukasha ya matsar da taga. A ƙasan allon agogo yana nuna tara da minti hamsin. In ya wuce goma bai tashi ba, magana ta ƙare.

Ya matso ya rage murya. "Allah ya gafarta Malam, da 'yar magana, ko za mu ɗan keɓe."

"Da wannan gwiwar tawa? Faɗi a nan, duk iyayenka ne."

Maganar da ya shirya a hanya ta gudu. Abin da yake gani kawai biron nan da katin da Tasalla ta jera a gefen tebur. Ya sunkuyar da kai ya faɗa yadda ta zo.

"Malam, manhajar nan ba taka ba ce, ba tawa ba ce. Ta cibiya ce, aro na ba ka ban gaya maka ba. Yanzu haka akwai wata baiwar Allah zaune a ɗakin jarrabawa, in ban mayar kafin sha ɗaya ba ta yi asarar shekara. Na zo karɓa ne."

Sai mai unguwa ya ce, ba da mugun nufi ba, "Au, ashe abin na aro ne?"

Malam bai dubi mai unguwa ba. Ukasha yake kallo.

"Tun yaushe ka san za a buƙace shi?"

"Kwana goma sha tara."

"Ka zo gidan nan sau biyu. Ni da kai kaɗai a zauren nan."

"Haka ne, Malam."

Malam ya rufe laftof ɗin a hankali. Ya zare cajar ya naɗe ta tsaf kamar yadda ya koya masa naɗe waya tun yana yaro, ya sa duka a jaka, ya miƙo da hannu biyu.

"Maza ka tafi, kada 'yar mutane ta rasa."

Yadda ya komo, Ukasha bai iya tunawa sosai. Ya san dai ya goya jakar a ƙirji, kuma ya faɗi sau ɗaya a wani kwari ya ɗaga ta sama kada ta taɓa ruwa. Sha ɗaya saura minti takwas ya faɗa sito, ya jona kebul, ya danna mayarwa. Allon ya yi shiru na wani ɗan lokaci da ya ji kamar yini guda, sannan goma sha ɗaya ta koma goma sha biyu. Ya leƙo ɗakin jarrabawa da laka har a gira ya ce, "Malama Tasalla, sake gwadawa." Ta danna, manhajar ta buɗe. Madam Rhoda ta dubi agogonta ta yage ambulan.

Tasalla ta ci, tana Babura tana aikinta. A ranar Ukasha ya kulle ƙofar aro, bai sake buɗe wa kowa ba.

Da Juma'a ta zagayo ya buga zanen masallacin a manyan takardu, ya haɗa da laftof ɗin ya kai Roni. Ya tarar da Malam shi kaɗai. Ya tuɓe takalmi zai zauna a gefen buzu, inda ya saba zama shekara ashirin da bakwai. Malam ya karɓi takardun ya duba, ya yi godiya sosai, sannan ya ɗaga murya zuwa cikin gida.

"A kawo wa Injiniya kujera."

Aka kawo, ya zauna, kansa ya fi na Malam tsawo, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ya so a ce faɗa aka yi masa, ko a kore shi. Malam kuwa sai tambayarsa yake lafiyar iyali, da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo.

An gama masallacin tun tuni, tagar gabas tana nan inda liman ya ce. Ukasha bai fasa zuwa Roni duk Juma'a ba. Yakan kashe babur daga nesa, ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, ya kasa kunne ya ji da wane suna za a amsa masa. Har yau kujera ake kawowa.