Gurbin Suna a Katin Maniyyata

Lokacin da kuɗin mai ya yi wa gwamnatin soja yawa, an sayo wa ofishinmu da ke Sama Road kwamfuta mai girman ɗakin amarya, aka ɗora mini tsara yadda za ta buga katin maniyyata aikin hajji. Na tsara ta yadda za ta fara auna sunan da ya fi kowane tsawo, sannan ta buɗa gurbi daidai da shi. Mutumin Sakkwato sunansa doguwar riga ce: nasa, na ubansa, na kakansa, wani har da unguwa.

Shugabanmu ya ce sam. Ashe surukinsa ya ci kwangilar katunan, ya kawo su da ɗan gurbin da bai wuce haruffa ashirin ba. Mayar da su kuwa tonon asirin gida ne. Ya ce in datse sunaye. Kuma wai rashin ladabi ne a rubuta sunan dattijo tsirara, dole Malam ko Alhaji ya zo a gaba. To me ya rage? Rabin mazan garin sunansu na fari ɗaya ne. Na gaya masa kati zai yi karo da kati, ya ce ba a kai ni kwas don in koya masa aiki ba. Haushi ya sa ranar ko fura ban iya sha ba.

Cikin waɗanda abin ya faɗa wa har da wani tsohon baduku, maƙwabcinmu a Gawon Nama, wanda ya tsufa yana ɗinkin fata da burin ganin Ka'aba. Katinsa ya fito iri ɗaya sak da na wani ɗan kasuwa, sunan kakan da zai raba su an datse. Aka ce mutum ɗaya ne aka buga sau biyu, aka yaga ɗaya. Ɗan kasuwa ya tashi, tsoho ya dawo gida da haraminsa a ƙunshe.

Na kai shi gaban shugaba da kaina. Mutumin nan, tir da halinsa, ko kai bai ɗaga daga jarida ba.

"Baba, haƙuri za ka yi," in ji shi. "Baɗi ka rage sunanka."

Tsohon, yana durƙushe, ya ce a hankali, "Ranka shi daɗe, wanne za ni cirewa, na ubana ko na kakana?"