Tafkin da Ya Bi Yara

A zangon Sokodé na girma, kuma ba mu da wurin wasa da ya kai bakin rafin bayan gari. Akwai wani faffaɗan dutse a can da muke zamiya a kai mu faɗa ruwa, ga inuwar mangwaro inda iyayenmu mata ke shanya wanki. Ranar da ba lakwal, wato makarantar boko, can muke wuni. A shekarun da sojoji suka karɓi mulki, wani kumandan ya ga wurin ya yi masa, ya sa aka kewaye shi da waya don shi da baƙinsa su riƙa shan iska.

Ran da aka kore mu, na dawo gida ina kuka. Kaka Azumi, mahaifiyar babana, wadda ta biyo shi daga Dapaong lokacin da ya fara fataucin shanu, tana gasa doya a murhu bayan magariba. Ba ta lallashe ni ba. Ta dai gyara itace ta ce, "Ku matso. Ga wata tatsuniya nan ta sauko daga arewa a bayan bijimi." Muka amsa, "Ta sauka mu ji ta!"

Wai an yi wani mai garke da ke da tafki a gefen gonarsa. Hayaniyar yara ta ishe shi, ya sare ƙaya ya shinge tafkin. Ruwa ya yi shiru, ba mai kaɗa shi. Wata safiya wata yarinya ta ratsa ƙayar da ɗan gora, sai tafkin ya yi mata magana: "Ina kuke wasa yanzu?" Ta ce, "A wani kwari, cikin yashi." Ya ce ta cika gorar, ta huda gindinta, ta tafi. Ɗigon ya yi layi a ƙasa, tafkin kuwa ya bi shi sannu a hankali har kwarin.

Mai garke ya tashi ya tarar da taɓo. Shanunsa suka yi ta kuka don ƙishi, dole ya je ya roƙi yara. A nan Kaka takan dakata, ta juya doya, sai mun ƙosa.

"Da mu ne, da mun kore shi!" in ji ni.

"Ke dai kin cika zafi, kishiyata," ta ce tana dariya. "Cewa suka yi, Baba, shanunka su sha, amma sai ka tuɓe babbar riga ka shigo mun yi wasa. Ya shiga yana ƙunƙuni, ya fito yana ƙyaƙyatawa. Ta ƙare. Mai gyangyaɗi ba shi da doya."

Namu rafin bai bi mu ba. Sai muka koma can saman rafin, wurin da ba dutse, kuma na daɗe ina ganin Kaka ta ruɗe mu ne kawai.

Da na yi aure a Dapaong, maigidana yana da garkar tumatir kusa da madatsar ruwa. 'Ya'yan makiyaya suna ratsawa su je iyo, suna tattake masa shuka. Wata rana ya shigo ransa a ɓace, ya ce gobe zai rufe wurin baki ɗaya. Na ce, "Maigida, ka shinge tumatir, ka bar musu hanya." Ya ce hanyar za ta cinye kunyar tumatir guda. Na ce ta cinye.

Ya yi kwanaki ba ya kallona sosai, amma ya bar musu hanyar. A lokacin na gane Kaka ba labarin horon marowaci ta ba mu ba. Ta san wata rana shingen zai dawo hannunmu, mu da aka kora, kuma ita ba ta nan balle ta riƙe mana hannu.